Kabonik asid ne ke kawo kumburi, ko kumburi ne ke tara asid?

Ƴar Ɗakin Gwaji:

Assalamu alaikum malamaina da ƴan uwa. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano, ɓangaren sinadaran jini, ina kuma haɗawa da digiri na biyu a fannin bayokemistiri. Mai duba aikina ya ɗora mini batun da zan gabatar a semina: alaƙar kabonik asid da kumburi. Kumburin da nake nufi shi ne martanin da jiki ke mayarwa idan ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, wuri ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, ya riƙa zogi. Ba kumburin ƙafar mai ciwon zuciya ba.

Takardun da na tara sun rabu gida biyu, kowane gida da hujjarsa. Akwai aikin da aka yi a Helsinki a 2013, inda aka sa makirofej na ɗan Adam, wato manyan fararen ƙwayoyin jinin nan masu haɗiye ƙwayoyin cuta, a cikin ruwan da aka sauke wa pH, wato ma'aunin tsami, wanda saukarsa ke nuna ƙaruwar asid. Sai suka kunna NLRP3, wani furotin mai jin haɗari a cikin ƙwaya, suka shiga fitar da sinadarin IL-1β, wanda kowa ya san yana cikin manyan masu hura wutar kumburi. Ka karanta wannan sai ka ce shi ke nan, asid na ƙara kumburi. Amma ga ayyukan mutanen Dabilin da na Shikago, duka na 2010, suna cewa idan aka ƙara wa ƙwayoyin halitta iskar CO2, hanyar NF-κB mai kunna kumburi a cikin ƙwaya kan lafa, sinadaran kumburi IL-6 da TNF su ragu. To ai CO2 ɗin nan ita ce ke narkewa a ruwa ta zama kabonik asid. Ta yaya abu guda zai tayar da kumburi a Finlan, ya kwantar da shi a Ailan?

Matsala ta biyu daga gida take. Goggona na fama da ciwon gwiwa. An turo mata wata murya ta WhatsApp, wani yana ta rantse-rantse cewa gas ɗin lemun kwalba shi ne kabonik asid, yana taruwa a gaɓoɓi yana cinye su, maganinsa kuma a riƙa shan bekin soda ko jar kanwa da sassafe kafin a karya. Lemun ta daina sha, wannan bai dame ni ba, dama sukarinta ya fara hawa. Amma yanzu kullum sai ta kaɗa cokalin bekin soda a kofi ta shanye, ga ta da hawan jini. Da na yi mata magana sai ta ce, "Ke da kike aikin asibiti ai ke ya kamata ki fara gaya mini." A wurin aiki ina ganin sakamakon na'urar auna iskar jini, na san pH na mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45 ko da wane lemu ya sha. Amma ina so in je mata da magana mai tushe, kada abin ya koma gardamar ƴa da uwa.

Don Allah masana su warware mini. Wanne ne ya riga wani, asid ɗin ko kumburin? Kuma me zan faɗa a semina wanda ba za a kama ni da shi a tambayar farko ba?

Tsohon Malamin Kemistiri:

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kafin ki tsaya gaban malamanki, fara tambayar kanki: nawa ne ma kabonik asid ɗin a cikin jini? Mai lafiya yana da bayikabonet wajen milimol 24 a lita, da narkakkiyar CO2 wajen milimol 1.2. Shi kuwa kabonik asid na ainihi, wato H2CO3, a cikin ɗaruruwan ƙwayoyin CO2 da suka narke, ɗaya ce kawai ke cikin siffarsa a kowane lokaci. Ƴan mikiromol ne a lita. Kuma ba ya zama. Da ya samu sai ya rabu zuwa furoton, wato H+ wanda yawansa ke sauke pH, da bayikabonet, ko ya koma CO2 da ruwa. Kwandastan mota ne, kuɗin fasinja duk ta hannunsa suke bi, amma laluba aljihunsa da yamma ki ga abin da ya rage. Littattafan asibiti na da nasu laifin a nan, don sukan rubuta H2CO3 a ƙasan lissafin Henderson da Hasselbalch, wanda ake fitar da pH da shi daga bayikabonet da CO2, alhali narkakkiyar CO2 suke nufi. Shi ya sa kike amfani da 6.1 a matsayin pKa, lambar da ke nuna ƙarfin asid, a aikinki, alhali na H2CO3 tsantsa yana wajen 3.5.

Mai tura wannan juyi da sauri shi ne enzayim ɗin kabonik anhaidires. Meldrum da Roughton ne suka fitar da shi daga jajayen ƙwayoyin jini a Kambirij a 1933, sannan Keilin da Mann suka nuna a 1940 cewa akwai zinki a cikinsa. Nau'insa na biyu yana juya ƙwayoyin CO2 kusan miliyan guda a daƙiƙa ɗaya. Ba don shi ba, da jini ya wuce ta huhu bai gama sauke kayansa ba, don bai cika daƙiƙa guda a ƙananan jijiyoyin huhu ba yake wucewa.

Saboda haka idan takarda ta ce "kabonik asid ya yi kaza", ki tsayar da ita ki tambaya: CO2 ce, ko bayikabonet, ko furoton? Su ukun nan kowa da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Furoton yana da masu jin sa a jikin jijiyoyin ciwo, ASIC da TRPV1, waɗanda aka bayyana su duka a 1997, kuma su ne ke sa wurin da ya yi tsami ya riƙa zogi. Yana da wasu a jikin fararen ƙwayoyin jini da bangon jijiyoyi, GPR4 da GPR65 da GPR68. Bayikabonet yana da nasa enzayim ɗin a cikin ƙwayar halitta, wani nau'in adenilil saikiles mai narkewa, wanda aka nuna a 2000 cewa bayikabonet ne ke kunna shi kai tsaye. Ita kuwa CO2 ba ta neman ƙofa, ratsa bangon ƙwayar halitta take yi ta shige.

Da wannan rikicin takardunki ya warware da kansa. Mutanen Helsinki pH suka sauke. Mutanen Dabilin, Cummins da Taylor da abokan aikinsu, CO2 suka ɗaga, kuma sun rubuta ƙarara cewa abin da suka gani bai dogara da pH na waje ko na ciki ba. Ba tambaya ɗaya suka yi ba, don haka ba amsa ɗaya za su samu ba. Ƙara da aikin Kellum na Fitsbag a 2004: ya sauke pH na makirofej da haidirokulorik asid, ya kuma sauke da laktik asid. Na farko ya ƙara alamun kumburi, na biyu ya rage su. Ko a pH iri ɗaya, wanda ya kawo furoton ɗin yana da ta cewa.

Wanne ya riga wani? Kumburin. Valy Menkin ya nuna haka tun 1934 da karnuka: ya tayar musu da kumburi a ramin ƙirji, ya riƙa ɗiban ruwan da ke taruwa yana aunawa, ya ga pH na sauka yayin da kwanaki ke tafiya, niyutirofil, fararen ƙwayoyin jinin da ke fara isa wurin, na mutuwa, makirofej na maye gurbinsu. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Niyutirofil da suka yi dandazo a wuri suna ƙona sukari ba tare da jiran iskar oksijin ba, suna zubar da laktik asid. Bakteriya na yin nasu. Furoton ɗin ya haɗu da bayikabonet, ya bi ta kabonik asid ya zama CO2. A lafiyayyen nama jini zai kwashe ta nan take ya kai huhu. A wurin da ya kumbura kuwa ƙananan jijiyoyi sun matse, wasu sun toshe, sai ta maƙale. Ɗauki biro ki lissafa da kanki. Bayikabonet 24, matsin CO2, wato pCO2, 40, pH 7.4. Ɗaga pCO2 zuwa 80, pH ya dawo 7.1. Sauke bayikabonet zuwa 12 a kan haka, kin sami 6.8. An auna ruwan gwiwar masu amosanin gaɓɓai na rumatoyid tun wajen 1970, an kuma sami wannan hoto: oksijin ƙasa, laktet sama, pCO2 sama, pH ƙasa. A cikin gwiwar aka ƙera wannan CO2, ba daga kwalba ta zo ba.

Amma idan kina son abin da zai sa malamanki su gyara zama, ba a nan gizo ke saƙar ba. Makirofej da ya fusata yana fitar da naitirik oksaid da sufaoksaid a lokaci guda, su haɗu su ba da feroksinaitirait, sinadari mai lalata nama. Beckman ne ya ja hankalin duniya gare shi a 1990. Shekaru biyar bayan haka, a 1995, Lymar da Hurst suka nuna cewa feroksinaitirait na afka wa CO2 da sauri ƙwarai, har ya zama a cikin jiki, inda CO2 ke ko'ina, mafi yawansa da ita yake fara karo ko kuma da wasu furotin ƙalilan. Abin da suke haifarwa, ONOOCO2−, ba ya daɗewa. Wajen kashi biyu cikin uku ya koma naitiret da CO2 salin alin. Kashi ɗaya cikin uku kuwa ya fashe zuwa tsageran ƙwayoyi biyu, radikal na kabonet da naitirojin dayoksaid. Su biyun nan ne ke haɗa kai su liƙa wa tairosin na jikin furotin rukunin naitiro, su ba da naitirotairosin ɗin da ake nema a nama a matsayin sawun kumburi. Lura da kyau, CO2 ta fito daga wannan juyi ba a cinye ta ba. Ba ta ƙara yawan feroksinaitirait ba, alƙiblarsa ta canza: ta rage masa tsawon rai da nisan tafiya, ta kuma canza abin da zai lalata. Rukunin Ohara Augusto a Sawo Fawulo ya ga radikal ɗin kabonet ɗin kai tsaye a 1999, Rafael Radi na Yurugwai kuma ya shafe shekaru a kan wannan fage.

Akwai ɗan uwansa da ya fi shi natsuwa. Haidirojin feroksaid na haɗuwa da CO2 ya ba da feroksimonokabonet, HCO4−, wanda ya fi feroksaid ɗin saurin taɓa wasu furotin. A 2019 an nuna, da hannun Christine Winterbourn ta Niyu Zilan a cikin aikin, cewa sai da bayikabonet ake iya kashe enzayim ɗin PTP1B ta wannan hanya yayin aika saƙo a cikin ƙwaya. Shekara da shekaru masu bincike na yin gwaje-gwajensu a ruwan fosfet wanda babu bayikabonet a cikinsa, suna ɗaukar cewa shi ɗan rakiya ne. Ni a ganina wannan shi ne zuciyar seminarki.

Likitan Ƙirji:

Malam ya gama da kemistiri, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanwata, bari in kawo miki abin daga gefen gado, don kina da na'urar a gabanki.

Mai ciwon nimoniya ya tara ruwa a gefen huhu. Mun zuƙo da sirinji, mun aiko miki. Idan pH na ruwan ya gaza 7.2, ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Birtaniya ta ce a sa masa bututu a zuƙe, kada a tsaya jiran maganin kashe bakteriya shi kaɗai. Wannan lamba ita ce lissafin da Malam ya yi miki: laktik asid da CO2 daga niyutirofil da bakteriya, ga fatar ramin ƙirjin ta yi kauri ta hana su fita. Asid ɗin a nan shaida ne na yadda faɗa ya yi tsanani a ciki. Sai dai a ƙasarmu kada ki manta da tarin fuka, shi ma yana iya sauke pH na ruwan, haka sankara da rumatoyid. Lamba kaɗai ba ta yanke hukunci.

Kuma aikinku ne ke sa lambar ta zama gaskiya ko ƙarya. Idan aka bar kumfar iska a sirinji, CO2 ta tsere cikinta, pH ya hau, ruwan da ya kamata a zuƙe ya fito kamar lafiyayye. Idan ragowar lidoken, allurar kashe zafi, ta shiga, pH ya sauka, a huda wa mutum ƙirji a banza. Rukunin Oksfod ya auna duka biyun a 2008. Takardar litimos ko tsinken gwajin fitsari ba sa wannan aiki, sai na'urar iskar jini. Idan kuma mugunya ce ƙarara, kada ki sa ta a na'urarki, ba a buƙatar lamba, bututu za a sa.

Tunda na ambaci lidoken: duk wanda aka taɓa yanka wa maruru ya san allurar kashe zafi ba ta cika kamawa a wurin. Ɗaya daga cikin dalilan da ake koyarwa shi ne tsamin wurin. pKa na lidoken yana wajen 7.9, idan pH ya sauka sai mafi yawansa ya ɗauki caji, ya kasa ratsa jijiya.

Yanzu ga inda maganar Dabilin da Shikago ta shafe mu. A 1990 Hickling a Niyu Zilan ya ba da rahoton cewa masu mummunan ciwon huhu na ARDS sun fi tsira idan aka rage ƙarfin da na'urar numfashi ke hura musu, ko da CO2 za ta taru a jininsu. A 2000 babban gwajin ARDSNet a Amurka, da marasa lafiya 861, ya gwada hura iska mililita 6 a kowane kilo na nauyin jiki da mililita 12. Mutuwa ta kasance kashi 31 cikin ɗari a rukunin farko, kashi 39.8 a na biyu. Sai wasu suka fara tunanin ko CO2 ɗin kanta magani ce. Laffey da Kavanagh sun rubuta haka a Lancet tun 1999, gwaje-gwajen dabbobi kuma suka mara musu baya: huhun da aka ji wa rauni ba tare da ƙwayar cuta ba ya fi lafawa idan CO2 ta yi yawa.

Daɗin bai daɗe ba. A 2008 an nuna a Dabilin cewa ɓerayen da ke da nimoniyar bakteriya, idan aka bar su cikin CO2 mai yawa na kwanaki, huhunsu ya fi lalacewa, bakteriya sun fi yawa. A 2013 mutanen Shikago suka ga mutuwa ta ƙaru a ƙananan ɓeraye masu nimoniyar Pseudomonas. Ba abin mamaki ba ne, don takardarsu ta 2010 da kike riƙe da ita ta faɗa tun a takenta cewa makirofej ya rage haɗiye ƙwayoyin cuta. Abin da ya sanyaya kumburi ya sanyaya tsaron jiki tare da shi. A 2017 kuma wani babban nazari na marasa lafiya masu ARDS ya danganta pCO2 na 50 zuwa sama da ƙarin mutuwa. Shi ya sa a yau muna haƙuri da CO2 idan dole ta sa, don mu kare huhu daga na'ura, amma ba ma neman ta da gangan.

Ga goggo kuma, lissafi mai sauƙi. Jikin babban mutum na ƙera CO2 wajen mililita 200 a minti ɗaya yana kwance, wato sama da rabin kilo a yini, ya doshi kilo guda idan yana kai-komo. Kwalbar lemu ta rabin lita ba ta wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma kaso mai yawa da gyatsa yake fita. Ragowar huhu ya fitar. Tsamin lemun kola ma mafi yawansa na fosforik asid ne, kuma haƙora ne ke jin jikinsu. Daina shan lemun da ta yi daidai ne, amma saboda sukari: an danganta lemun sukari da ciwon gaɓɓai na gawut, don furuktos na ɗaga yurik asid.

Ɗan Aji Uku:

Salam. Yaya, ni ma ina karanta bayokemistiri, ina aji uku. Ban isa in ja da Malam da Likita ba, amma na taɓa ganin labari cewa wata jami'a a Amurka ta tabbatar bekin soda na maganin kumburi, har da amosanin gaɓɓai. To ashe mai muryar WhatsApp ɗin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba ke nan? Kuma kakanninmu sun daɗe suna shan kanwa.

Mai Haɗa Magani:

Ƙanena, labarin da ka gani yana da asali. Aikin rukunin Paul O'Connor ne a Kwalejin Likitanci ta Jojiya da ke Ogosta, ya fito a 2018 a mujallar Journal of Immunology. Sun ba ɓeraye ruwan bekin soda, sun kuma ba wasu ƴan tsirarun mutane masu lafiya giram 2 a ruwa. Sun ga makirofej sun karkata daga nau'in da ke tayar da kumburi zuwa nau'in da ke kwantar da shi, kuma a ɓeraye sun bi sawun saƙon zuwa ƙwayoyin da ke lulluɓe da saifa. Aiki ne mai ban sha'awa. Amma ba su ba mai ciwon gwiwa ko ɗaya ba, ba su auna ko ciwo ya ragu ba. Jaridu ne suka ƙara gishiri. Lura kuma da cewa bayanin nasu bai ce an wanke asid daga gaɓoɓi ba, saƙo ne daga ciki zuwa saifa. Don haka ko wannan takarda ba ta tsaya wa mai muryar ba.

Inda ake ba da bayikabonet da gaske shi ne masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi tsami, kuma da awo ake yi. Wani gwaji a Landan a 2009 ya nuna ya rage saurin lalacewar ƙoda. Gwajin BiCARB na Birtaniya a 2020, a kan tsofaffi, bai ga amfani ba. Ko a wurin da ake da dalilin ba da shi, magana ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi damuna da goggo shi ne sodiyam. Ƙaramin cokalin shayi na bekin soda na ɗauke da sodiyam wajen miligiram 1,200 zuwa 1,300. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 2 na sodiyam a yini. Kafin ta ɗanɗana miya ta riga ta cinye fiye da rabin rabonta, ga hawan jini. Idan tana shan maganin sa fitsari, fotasiyam ɗinta na iya faɗuwa. Kanwa ma gishirin sodiyam ce, kabonet da bayikabonet, ga ƙasa da sauran abin da ya biyo ta daga inda aka haƙo. Sa ɗan kaɗan a miyar kuka ko a dafa wake daban, kaɗa ta a kofi a sha kullum daban. Tun 1978 Davidson da Parry suka rubuta game da ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka zargi kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya-bayan nan a Najeriya bai tabbatar da cewa su ne sanadin ciwon ba, amma babu likitan da zai ce mai hawan jini ta ƙara sodiyam. Anti, ki auna mata jini yau, ki sake aunawa bayan ta bar sodar na ɗan lokaci, ki nuna mata lambobin. Ta fi yarda da su a kan bakinki. Ki kuma duba ko tana haɗawa da dikulofenak daga kemis, don shi ma yana ɗaga jini yana taɓa ƙoda.

Ƴar Ɗakin Gwaji:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Goggo za ta zo gidanmu ranar Juma'a, zan tanadi na'urar awon jini.

Malam, saura guda. Idan aka tambaye ni a semina yadda zan raba aikin CO2 da na furoton a gwaji, me zan ce? Mai duba aikina yana son irin wannan tambaya.

Tsohon Malamin Kemistiri:

Kwano huɗu za ki jera, ƴata, da makirofej iri ɗaya, ki tsokane su duka da LPS, sinadarin bangon bakteriya mai tayar da kumburi. Na farko CO2 kashi 5 cikin ɗari, pH 7.4. Na biyu ki ɗaga CO2 ki bar pH ya faɗi. Na uku ki ɗaga CO2 amma ki ƙara bayikabonet har pH ya dawo 7.4. Na huɗu CO2 kashi 5, ki sauke pH ta hanyar rage bayikabonet. Abin da ya bayyana a na biyu da na uku amma babu shi a na huɗu, ki fara zargin CO2. Abin da ya bayyana a na biyu da na huɗu, furoton ne. Za su ce miki a kwano na uku kin ƙara sodiyam da kaurin ruwa, kuma gaskiyarsu, don haka ki daidaita sauran da gishirin sodiyam kulorayid. Mai wayo a cikinsu zai ƙara da cewa a kwano na uku bayikabonet ma ya hau, to ta yaya kika san ba shi ba ne? Ki amsa masa cewa lissafin Henderson da Hasselbalch bai yarda a motsa ɗaya daga cikin ukun a bar biyu a tsaye ba. Dole biyu su motsa tare, shi ya sa ake buƙatar kwanuka da yawa, a kuma auna pH na cikin ƙwayar, ba na ruwan waje kaɗai ba. Kina iya ƙara asetazolamaid, wanda ake sayarwa da sunan Diamox, ki toshe kabonik anhaidires ki ga ko sakamakon na buƙatar juyin.

Ki kula da ruwan renon ma. DMEM na ɗauke da bayikabonet milimol 44, an tsara shi ne don CO2 kashi 10. A inkubeta mai kashi 5, pH ɗinsa na haurawa wajen 7.6 zuwa 7.7. RPMI mai milimol 24 shi ne ke ba da 7.4 a kashi 5. Takardu da yawa ba sa faɗin pH da suka auna, sai ki duba wane ruwa suka yi amfani da shi ki lissafa musu. Da zarar kin fitar da kwano daga inkubeta CO2 ta fara tserewa, jan launin ruwan ya fara komawa shunayya, kuma canjin da mutanen Dabilin suka gani mai saurin komawa ne. Idan tukunyar gas ta ƙare da dare ko wuta ta ɗauke, gwajin ranar ya tashi, ki rubuta haka a littafinki ki sake daga farko.